Faransancin bakin iyaka: abin da ya kamata kowane falke ya riƙe

Duk wanda ya kalli taswirar Gana zai ga cewa in ban da teku da ke kudu, babu wata kafa da za mu fita da kaya ba mu faɗa ƙasar da ake aikin hukuma da Faransanci ba. Ta yamma Kwaddebuwa ce, ta arewa Burkina Faso, ta gabas kuma Togo. Wanda ya bi ta Elubo, ko Sampa, ko Paga, ko Hamile, ko Aflao, da zarar ya tsallake shinge sai takarda ta sauya harshe. Amma abin mamaki, mu mutanen Oforikrom da Aboabo da Asawase da sauran unguwannin Zangon Kumasi, waɗanda abincinmu ke kan waɗannan hanyoyi tun zamanin fataucin goron Gwanja, har yau akasarinmu ba mu iya ko da tambayar farashi da wannan harshe ba.

Mun san amsar da za a ba mu, domin kullum ita ake bayarwa: ai Hausa ta ishe mu. Gaskiya ne Hausa ta yi mana rana. Da ita za ka sauka a Zangon Lome ka samu mai masauki, da ita za ka sayi albasa a Galmi ko Madawa, da ita za ka samu ɗan'uwa a kasuwar Ajame ta Abijan ya nuna maka masallaci da mai tuwo. To amma Hausa tana kai mu gidan mai gida ne da rumfar dillali. Ba ta shiga ofishin kwastan, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira duwan, ba a rubuta takardar tara da ita, kuma jandarman da ya tsayar da mota da tsakar dare a wani ƙauyen Mosi bai zama lallai ya taɓa jin ta ba. A nan ne falke da jarinsa na miliyoyi yake komawa kurma, sai abin da yaron mota ko ɗan kamasho ya ce masa an ce. Ba mu ce duk tafinta macuci ne ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Amma wanda bai san abin da aka faɗa ba, ba shi da hanyar rarrabe na kirki da mugu.

Akwai kuma wata sabuwar hujja da ta shigo a 'yan shekarun nan, wai Faransanci ya mutu a Sahel, don me za a wahala a kansa. Masu wannan magana suna da abin nunawa. Mali ta sauke shi daga matsayin harshen hukuma a tsarin mulkinta na 2023, Burkina Faso ta bi sahu, Nijar kuwa a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya faranta ran kowane Bahaushe. A wannan watan ne kuma ƙasashen uku suka sanar da ficewarsu daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Sai dai a lura, dukkansu sun bar Faransanci a matsayin harshen aiki, ma'ana da shi ake cike takardu. Togo da Kwaddebuwa da Binin kuwa ko motsi ba su yi ba. Ita kanta Gana, wadda ta shiga waccan ƙungiya da ƙafa ɗaya a 2006, ta zama cikakkiyar mamba a 2024. Siyasa tasu ce ta shugabanni, mu dai takardar da za a miƙo mana a Dakola ko Sinkase gobe da safe da Faransanci za a miƙo ta.

Hasali ma yanzu ne buƙatar ta ƙaru. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS, wadda maƙwabtanmu ke kira CEDEAO, ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. A ranar 29 ga Janairu, 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala fita daga ƙungiyar, suka tsaya a kan ƙawancensu na AES, kuma a watan Maris na shekarar suka sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Idan dokoki suna sauyawa haka, wanda zai iya tambaya da bakinsa shi ke sanin wane kuɗi ne na hukuma, wane ne na aljihu.

Ba muna cewa kowa ya koma aji ya zama malamin Faransanci ba. Littattafan da ake sayarwa na masu yawon buɗe ido ma ba su da wani amfani a gare mu, domin an rubuta su ne don mai neman otal da wurin shan gahawa a Paris. Namu Faransancin na shinge ne da kasuwa, kuma bai wuce abin da mutum zai haddace cikin wata guda ba.

A fara da gaisuwa, wadda ba sai an koya wa Bahaushe darajarta ba. "Bonjour" da safe, "bonsoir" daga bayan azahar, a haɗa da "chef" in jami'i ne, ko "madame" in mace ce. A riƙe "s'il vous plaît", wato don Allah, da "merci", na gode. Kuma a kiyaye, Faransanci yana da "tu" na tsara da yaro, da "vous" na girmamawa, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Kada a yi wa mai kaki "tu". Tambayoyin shinge kuwa kusan guda huɗu ne ba sa sauyawa: "vos papiers", kawo takardunka, "où allez-vous", ina za ka, "combien de jours", kwana nawa, sai kuma tambayar abin da ka ɗauko. Wanda ya iya cewa "je suis commerçant", ni ɗan kasuwa ne, ya faɗi sunan garin da za shi, ya san cewa albasa "oignon" ce, goro "cola", buhu "sac", ya riga ya nuna cewa ba baƙon hanya ba ne. Idan magana ta yi sauri, babu kunya a ce "je ne comprends pas", ban gane ba, ko "doucement", a hankali.

Inda muke so mu daɗe shi ne ƙidaya, domin nan ne kuɗi ke zubewa ba a ji ƙararsa ba. Faransawa suna da wata irin ƙirga mai ban haushi. Har zuwa sittin lafiya lau. Amma saba'in sai su ce "soixante-dix", wato sittin da goma. Tamanin "quatre-vingts", ashirin sau huɗu. Casa'in kuma "quatre-vingt-dix", ashirin sau huɗu da goma. Wanda kunnensa bai saba ba, in aka ce masa "soixante-quinze", 75 ke nan, sai ya cafke sittin ɗin farko ya saki saura. Mafi haɗari shi ne "vingt-quatre mille" da "quatre-vingt mille". Kalmomin iri ɗaya ne aka juya su, amma na farko 24,000 ne, na biyu 80,000. Saifa 56,000 ke tsakaninsu, a kan ciniki guda. Haka "deux" da "douze", 2 da 12, ko "six" da "seize", 6 da 16, a cikin hayaniyar tasha da ƙarar injin mota kusan ɗaya suke a kunne.

Ga kuma wani ruɗani wanda ba laifin Faransawa ba ne, namu ne na gida. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga, dala ɗaya kuwa saifa 5 ce. In ya ce maka dala ashirin yana nufin saifa 100, dala ɗari 500, jika kuma 1,000. Julawa da Mosawa su ma da biyar-biyar suke lissafin kuɗi a harsunansu. Mu kuma nan Kumasi, tun da aka sauya kuɗi a watan Yuli na 2007, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya, har yau akwai dattawanmu da in sun ce miliyan ɗaya sidi 100 suke nufi. To a haɗa mai dala da mai tsohon sidi da ɗan canji a tsakiya, a ga abin da zai fito. Maganin duk wannan jimla ɗaya ce: "écrivez le prix", rubuta farashin. Lamba a kan takarda ko a fuskar waya ba ta da kari. Bayanta sai "c'est combien", nawa ne. "C'est trop cher", ya yi tsada. "Dernier prix", farashin ƙarshe. Sauran ciniki mun fi su iyawa.

Sai kalmomin da ke tsare mutum daga hukunci. "Reçu" shi ne rasit, a kwastan kuma za ka ji ana cewa "quittance". Duk kuɗin da aka nema a hanya, a tambaya cikin ladabi, "c'est pour quoi", na mene ne, sannan "le reçu, s'il vous plaît". Ba kullum yake aiki ba, kowa ya san halin hanya, kuma mai tumatir ko albasar da ke jiran ruɓewa ba shi da lokacin jayayya. Amma sau da yawa jin kalmar kawai kan rage abin da aka yanka. A san "amende", tara. "Saisie", kame kaya. "Interdit", an hana. "Périmé", wa'adi ya ƙare, wanda za a iya faɗa a kan inshorar mota ta ECOWAS da suke kira "carte brune", ko ma kayan gwangwanin da ka ɗauko. Idan aka miƙo takarda aka ce "signez ici", sa hannu a nan, musamman in aka ce ka rubuta "lu et approuvé", to ka shaida ke nan cewa ka karanta kuma ka amince. Mai bin bashi da mai karɓar kafin alƙalami su kula da wannan ƙwarai. Masu bin hanyoyin arewacin Burkina da yammacin Nijar kuma, inda tsaro ya taɓarɓare, su riƙe "halte", tsaya, da "couvre-feu", dokar hana fita. Waɗannan biyu ba maganar riba ba ce, maganar rai ce.

Wasu matasa za su ce ai waya tana fassara. Tana yi, in akwai caji, in akwai intanet, in kuma jami'in ya yarda ka ɗaga waya a gabansa, abin da a shingen soja ba ma shawartar kowa ya gwada.

A ina za a koya? Wurare suna nan. Akwai Alliance Française a Kumasi, akwai reshen Cibiyar Harsuna ta Gana wadda aka kafa tun 1961 zamanin Nkrumah, ga jami'ar KNUST a cikin yankinmu na Oforikrom tana yaye masu digirin Faransanci. Amma mun san mai rumfa ba zai rufe rumfa ya tafi aji da rana ba. Malamanmu na gaskiya suna cikin gidajenmu: Kotokoli daga Togo, Mosawa, Zabarmawa da Hausawan Tawa da Maraɗi da muke sahu ɗaya da su a masallaci, da yawansu sun yi lakwal, wasu ma har sakandare. Kalmomi irin su duwan da jandarma da kamyo da butik sun riga sun zauna a bakinsu da namu. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu da direbobi su ware awa ɗaya bayan sallar isha, sau biyu a mako, a ɗaya daga makarantunmu na Islamiyya da ke zama babu kowa da dare, a yanka wa malami ɗan alawus daga kuɗin ƙungiya. A kuma buga kalmomin a ƙaramar takarda mai shiga aljihu, da boko da ajami, saboda dattawan da ajami ya fi musu sauƙi. Sarakunan Zango da 'yan majalisar Oforikrom za su iya miƙa buƙatar ga Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, domin kuɗin allo da alli da bugun takarda bai kai na kwalbati guda ba.

Iyaye kuma, yaran da ke ƙaramar sakandare suna da darasin Faransanci a makarantu da yawa, amma mukan bar su su yi watsi da shi tun da ba dole ba ne a jarrabawa. Yaron da zai gaji rumfa, ko ya bi mota zuwa Wagadugu da Lome, a tambaye shi makinsa na Faransanci a ƙarshen wannan zango kamar yadda ake tambayarsa na lissafi.