Dogayen yara muna da su, tsani ne babu: magana kan ƙwallon kwando a makarantunmu na Nguru da Gashuwa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, kuma na san akwai waɗanda ba zai yi wa daɗi ba, musamman masu riƙe da muƙaman ƙungiyoyin ɗalibai. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jifa.

Maganata ɗaya ce. Mu ɗaliban Arewa mun mayar da kanmu 'yan kallo. Mun san albashin kowane ɗan wasan Ingila da Sifen, muna iya raba dare a gidan kallo muna musu har a ɓata, amma idan muka ga ɗan ajinmu da ƙwallon kwando a hannu sai mu ce ba shi da aikin yi. Yaro ya yi tsawo, abin da ya samu a wurinmu shi ne a riƙa ce masa zangalo ko falwaya. A wata ƙasar kuwa tsawon nan shi ke biya wa yaro kuɗin jami'a.

Bari in ba ku labarin mutumin da ya tashi a nan Arewa, don kada wani ya ce ina kawo zancen Turawa. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowannenmu, sai da ya kai kimanin shekara 13 ya kama ƙwallon kwando. A Zariya akwai wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ake kira OBJ, da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. A hannunsa Masai ya koyi wasan. Daga nan ya tafi Amurka, ya yi makarantar sakandare a birnin Seattle, ya wuce ƙaramar kwaleji ta Bismarck a jihar Dakota ta Arewa ya yi shekara biyu yana karatu yana buga mata wasa. Bai taɓa buga NBA ba, ko wasa ɗaya. Turai ya koma, ya yi kusan shekara shida yana yawo daga kulob zuwa kulob a ƙasashe irin su Ingila da Beljiyam, ba suna, ba wani kuɗin kirki.

Da a garinmu ne, nan za a rufe labarin a ce ai ga shi nan, ƙwallo ta cinye masa ƙuruciya. To a 2002 ya fara yi wa ƙungiyar Orlando Magic aikin farautar 'yan wasa, kyauta, ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiye. Denver Nuggets suka ɗauke shi. A 2010 ya zama babban manajansu, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara. A 2019, yana shugabancin Toronto Raptors, suka ci kofin NBA, karo na farko da kofin ya bar ƙasar Amurka. Yaron Zariya fa.

Me ya kai shi can? Tsawo ne? Akwai waɗanda suka fi shi tsawo a Machina da Yusufari suna kiwo a yanzu haka. Sa'a ce? Allah ne mai bayarwa, ba musu, amma sai an yi shuka ake zancen damina ta yi kyau. Abin da Masai ya samu wanda yaranmu ba su samu ba abu uku ne: fili mai kwando, babban mutum da ya tsaya ya koyar, da makaranta da ta buɗe ƙofarta ga yaran gari.

Haka tsarin yake a Amurka, kuma shi ne abin da ba mu fahimta ba. Wasan kansa a makaranta aka ƙirƙiro shi, wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ya ƙago shi a 1891 don ɗalibansa su samu abin yi lokacin sanyi. Har yau makaranta ce hanyarsa. Yaro ya buga wa sakandare, jami'a ta gan shi ta ɗauke masa kuɗin karatu, daga jami'a ya wuce inda rabonsa yake. Ku dubi Ike Diogu, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin D'Tigers. A Amurka aka haife shi, ya yi sakandare a Garland ta jihar Texas, ya buga wa Jami'ar Jihar Arizona, a 2005 Golden State Warriors suka zaɓe shi a lamba ta 9. Ya zaga ƙungiyoyi da dama a NBA, da abin ya ƙi zama sai ya tattara ya tafi Sin ya ci gaba da sana'arsa. A 2017 shi aka zaɓa gwarzon gasar Afirka. Kowane mataki da ya taka, wani ne ya gina shi kafin ya iso.

Shi ya sa nake jin wani iri idan muna murnar nasarorin Najeriya a wasan nan. Mun ci kofin Afirka a 2015 a Tunisiya. A watan Yulin 2021 mun doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas. Matanmu, D'Tigress, sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da wata tawagar Afirka ba ta taɓa yi ba, maza ko mata. Abin alfahari ne. Amma a duba jerin sunayen, a ga nawa ne makarantun Amurka suka raina, nawa ne namu. Girbi muke ci daga gonar da ba mu muka noma ba, kuma ɗan Arewa a cikin jerin sai an tona.

Yanzu mu dawo gida. Gashuwa tana da jami'ar tarayya tun 2013, tana da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman. Nguru tana da kwalejin kiwon lafiya, tana da kwalejin shari'a da addinin Musulunci, ga manyan sakandare a garuruwan biyu. Ƙananan hukumomi shida ne a shiyyarmu: Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari. Dubban matasa ke nan. Ina tambaya, kuma ina son amsa a ƙasan rubutun nan: yaushe rabon da ku ji an buga gasar ƙwallon kwando tsakanin Nguru da Gashuwa? Tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba.

Ga inda zan taɓo mu kai tsaye. Kowannenku ya ɗauko takardar rajistarsa ta bana ya duba. A yawancin manyan makarantun ƙasar nan za ka ga layin kuɗin wasanni. Muna biya kowace shekara, ba mu taɓa ɗaga hannu mun ce ina ya tafi ba. Na yi digirina na farko shekara huɗu ina biyan kuɗin nan a wata makaranta da ba zan kama sunanta ba, allon kwandon da na tarar a karye a aji ɗaya haka na bar shi ranar da na gama. Kowace shekara ana zaɓen daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai, a buga fosta, a raba alewa, ya ci zaɓe, ya shirya ƙwallon ƙafa ta sati ɗaya tsakanin sassa, a ɗauki hoto da kofi, shi ke nan sai baɗi. Kuma mu muka zaɓe shi saboda ɗan garinmu ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na san amsoshin da za a ba ni, bari in tare su tun yanzu.

Wani zai ce karatu muka zo yi, ba wasa ba. Malam, a tsarin da na bayyana maka, karatun ne tikitin. Jami'o'in Amurka ba sa barin ɗalibi ya buga musu wasa sai sakamakonsa na sakandare ya cika sharaɗi, idan makinsa ya faɗi kuma a dakatar da shi. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, awa biyun da ɗan wasa yake yi a fili bayan la'asar, kai a laburare kake yin ta, ko a TikTok?

Wani zai ce ba al'adarmu ba ce, ko ya kawo zancen addini. Hakeem Olajuwon Musulmi ne ɗan Legas, ya fara wasan yana ɗan shekara 15, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Yana azumi yake shiga fili, kuma a watan Fabrairun 1995, cikin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na wata. Wando ya rufe gwiwa, a tsaya idan an kira salla, 'yan uwanmu mata a ware musu lokacinsu da wurinsu. Ina matsalar? Mutanen da suka gaji kokawa da dambe da langa ba su ne za su ce motsa jiki baƙon abu ne ba.

Wani zai ce muna fama da talauci, ga ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa, kai kana zancen ƙwallo. Wannan ita ce magana mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Ban ce a ɗauki kuɗin asibiti a yi fili ba. Cewa na yi kuɗin da aka riga aka karɓa da sunan wasanni a kashe shi a wasanni. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, daɓen siminti da ƙarfe biyu, kwando a tsayin mita 3.05. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallon ƙafa ba, ba ya son ciyawa, ba ya son ban ruwa. A ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwan sama irin tamu, da wuya a samu wasan da ya fi shi sauƙin riƙo. Zafin rana kuma, wa ya ce a buga da azahar? Akwai bayan asuba, akwai bayan la'asar.

Wani kuma, mai wayon cikinmu, zai ce ai mutum nawa ne ke zuwa NBA. Gaskiyarka. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce 'yan wasa 15, mutum 60 ake zaɓa a shekara daga duk duniya. Duk wanda ya ce wa ƙaninka zai kai shi NBA idan ya kawo kuɗin biza, ɗan damfara ne, ku guje shi. Amma ai labarin Masai shi ne amsarka. Bai buga NBA ba, wasan ne ya ba shi karatu, ya ba shi sana'a, ya ba shi hanya. Tsakanin filin makaranta da NBA akwai matakai da yawa: gasar jami'o'i ta NUGA, ta kwalejojin ilimi NICEGA, kulob irin su Kano Pillars da Gombe Bulls a nan kusa da mu, gasar BAL ta Afirka da aka fara a Kigali a 2021. Akwai aikin koci, alƙalanci, kula da lafiyar 'yan wasa. Wanda bai samu ko ɗaya ba, ya samu lafiyar jiki, ya kuma samu abin da ya raba shi da majalisar 'yan ƙwaya da yamma. Wannan kaɗai bai isa ba?

To me za a yi? Ba na son mu tsaya a kuka.

Na farko, a zaman majalisar ɗalibai na gaba, a kowace makaranta, wani ya miƙe cikin ladabi ya nemi a kawo lissafin kuɗin wasanni a rubuce: nawa aka tara, me aka saya.

Na biyu, inda akwai tsohon fili a share shi, a yi fenti, a kira mai walda ya gyara kwando. Wannan ko karo-karo muka yi zai yiwu.

Na uku, ranar Asabar a buɗe filin ga yaran sakandare da na firamare na gari. Masu karanta ilimin motsa jiki su karɓi horar da su, ya zama aikin gwajinsu. Abin da OBJ ya yi a Zariya ke nan, ba wani sihiri ba ne.

Na huɗu, kafin zangon karatun nan ya ƙare a buga wasa ɗaya, ɗaya tak, ɗaliban Nguru da na Gashuwa. Zuwa da dawowa. A ɗauki bidiyo a saka. Ƙungiyar Masai, Giants of Africa, tun 2003 take shirya wa yara sansanin horo, kuma ta yi alkawarin gina filaye 100 a Afirka. Ba na ce za su zo ba, amma babu mai kawo fili inda bai ga ana wasa ba.

Masu takarar daraktan wasanni a bana, ku sani za mu tambaye ku waɗannan abubuwa huɗu kafin mu ba ku ƙuri'a, ko da kuwa unguwarmu ɗaya. Wanda ya taɓa buga wasan ko yake da sha'awar koyar da yara, ya rubuta sunan garinsa da makarantarsa a ƙasa mu san yawanmu. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, bismillah, ya kawo hujjarsa, ina nan.

Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa, Ya raya mana ƙannenmu. Amin.