Ƙwarangwal Kafin Fata: Shawara ga Mai Son Gina Shafin Intanet

Ɗalibai da dama masu sha'awar gina shafukan intanet kan soma da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau. A ganina, wannan tambaya ta yi gaggawa. A ilimin halittu ba mu fara koyar da launin fata sai ɗalibi ya san ƙwarangwal. Haka ya kamata a bi wannan sana'a.

Kowane shafi yana tsaye ne bisa harsuna uku. HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro bayan ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar CERN a 1989, shi ne ƙashin da ke riƙe da rubutu da hotuna. CSS, da aka tabbatar a 1996, shi ne fata da launi. JavaScript kuwa, na Brendan Eich a 1995, shi ne tsokar da ke sa shafi motsi. Har yau ana aiki da ukun nan.

Su kuwa manhajoji, zuwa suke yi su wuce. Alal misali, dubban masu zane sun ƙare ƙuruciyarsu a kan Flash, amma kamfanin Adobe ya daina kula da shi a ƙarshen 2020. Wanda ya san Flash kaɗai ya koma ɗan koyo. Wanda ya san tushe ya sauya makami ya ci gaba.

Ba ina cewa a raina kayan aiki ba. Visual Studio Code na rubuta umarni, da Git na adana tarihin gyare-gyare, duk kyauta ne. Figma tana taimaka wa mai zane ya tsara fuskar shafi. Amma duk waɗannan hannu ne kawai, ba su maye gurbin kai.

Daɗin daɗawa, mai gina shafin Hausa sai ya san tsarin UTF-8, ya kuma zaɓi salon haruffan da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. In lanƙwasa ta faɗi, ƙashi ya zama wata kalmar da ba ta dace da allo ba.

Don haka, ya ku malamai, ku fara da Notepad da harsunan nan uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.