Bayan Rusa Majalisun Mashawarta: Ta Ina Mazauna Gefen Yamai Ke Jin Labarin Magajin Gari?

A ranar 4 ga watan Afrilun 2024 ne shugaban majalisar CNSP, Janar Abdourahamane Tiani, ya sa hannu kan dokar da ta rusa ɗaukacin majalisun mashawarta na jihohi, birane da ƙananan hukumomin Nijar, aka kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A birnin Yamai, Kanar Boubacar Soumana Garanke ne ya karɓi ragama daga hannun Oumarou Dogari. A lokacin hankalin jama'a yana can wani wuri. Ba a jima da ɗage takunkumin CEDEAO ba, ana ta maganar ficewar sojojin Amurka, ga iyakar Benin a rufe, farashin shinkafa kuwa ya hana kowa sakat. Shi ya sa labarin ya wuce kamar iska, aka yi kwana biyu ana tattauna shi a fada, sannan aka shiga wata sabga.

To amma ga wanda ke zaune a Koira Tegui, ko Tchangarey, ko Niamey 2000, ko can ƙetaren kogi a Kirkissoye da Banga Bana, wannan doka ta fi kusa da ƙofar gidansa fiye da duk wata rigimar diflomasiyya. Ma'aikatar magajin gari ita ce gwamnatin da talaka ke cin karo da ita kullum. A can ake yin takardar haihuwar ɗansa, ita ke yanka filaye, ita ke da alhakin kwashe shara da yashe magudanan ruwa, ita ke karɓar kuɗin rumfa a kasuwa. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda labarin waɗannan ayyuka ke isa ga mutanen gefen gari yanzu, da kuma hanyar da kukansu ke bi ya isa ofis.

Kada a ɗauka cewa naɗa kantoma baƙon abu ne a Yamai. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya game ƙasa a 2004, aka sake a farkon 2011, daga nan aka yi ta ɗage shi ana tsawaita wa'adi har sai ranar 13 ga Disamban 2020. A tsakanin nan gwamnatin farar hula ta tsige Oumarou Dogari a 2013, ta tsige magajinsa Assane Seidou a 2017, ta kuma rusa majalisar birnin ta ɗora Mouctar Mamoudou a kan kwamitin riƙo, wanda ya ci gaba da riƙe birnin har 2021. Wato ko a zamanin jam'iyyu, babban birnin ya yi shekaru a hannun wanda ba a zaɓa ba. Kuma duk wanda ya bibiyi majalisun nan ya san ba su bar suna mai kyau ba: rigimar jam'iyya, yunƙurin tsige magajin gari saboda rabon muƙami, da zarge-zargen cinikin filaye su suka fi cika labarinsu. Da yawa daga cikin mazauna birnin ba su zubar musu da hawaye ba.

Duk da haka akwai abin da ya tafi tare da su. Kansila, komai lalacewarsa, mutum ne da aka san gidansa. Ana iya tare shi bayan sallar Magariba ko a wurin suna a ce masa ruwa ya yanke hanyar unguwa, kuma yana jin nauyin maganar domin ya san zai dawo neman ƙuri'a. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta tanadi cewa zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, sarakunan gargajiya ma suna da kujera a ciki don ba da shawara. Mutane kaɗan ne ke halarta, gaskiya ne, sai dai ta nan ne ƴan jarida da ƙungiyoyin farar hula ke jin nawa aka ware wa me. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake yi wa bayani. Yana iya kasancewa mai himma, yana iya fin wanda ya gada aiki, tunda babu ƴan majalisar da za su riƙe masa ƙafa, amma babu abin da ya tilasta masa tsayawa gaban mutanen Saga ya faɗa musu abin da aka yi da harajinsu.

Matsalar unguwannin gefe ta samo asali ne daga yadda aka haife su. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan ɗaya da ɗoriya a Yamai, kuma tun daga lokacin birnin bai daina miƙewa ba. Shekara da shekaru yankan filaye shi ne babbar hanyar samun kuɗin hukumar birni, har ita kanta gwamnati ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashi da filaye a farkon shekarun 2000. Ana auna gona, a kafa duwatsun iyaka, a sayar, a ba da takarda, kuɗin ya shige cikin hidimar yau da kullum. Hanya, magudanar ruwa, bututun famfo da turakun Nigelec sai daga baya, wani lokacin bayan shekaru goma. A gefe guda masu gonaki na gado su ma suna yanka nasu suna sayarwa ba tare da tsarin hukuma ba, mai ƙaramin ƙarfi kuma can ya fi nufa don shi ne daidai aljihunsa. Da haka aka ci wani yanki na dajin nan na dogon yaro da aka fara dasawa tun shekarun 1960 don ya kewaye birnin, aka yi gini a bakin kwarin Gountou Yena da cikin fadamun kogi. Mutumin da ya sayi fili a irin wannan wuri yana sayen ruwa a hannun ƴan garuwa da tsadar da ta fi ta mai famfo a Plateau, yana biyan yaro mai amalanke ya kwashe masa shara, yaron kuma ya je ya juye ta a kangon da ke bayan gida.

Damina ce ke tona wannan asiri. A watan Satumban 2020 kogin Kwara ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya fasa shingen Lamorde, ya mamaye unguwannin da'ira ta biyar. Daminar 2024 ta fi muni a faɗin ƙasa: fiye da mutum 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, jihar Maradi ta fi kowa asara, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, a watan Agusta kuma ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na wasu kwanaki. Sai da aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da dama sun rushe, wasu kuma cike suke da waɗanda suka rasa matsuguni. Ba za a ɗora wa kantoman da ya yi wata huɗu a ofis laifin ruwan sama ba. Amma akwai tambayoyin da amsarsu ke ofishinsa kawai: waɗanne magudanai aka yashe kafin ruwa ya sauka, waɗanne unguwanni aka sa cikin jerin masu haɗari, ina za a kai mutanen da aka ce su tashi, wa ke rubuta sunayen masu karɓar taimako. Dokar hana leda ta 2014 ma tana nan a takarda, ledar kuwa ita ke toshe magudanan da ake da su.

A nan ne giɓin labari ya fi fitowa fili. Lokacin da aka sauya wa titin de Gaulle suna zuwa Djibo Bakary a watan Oktoban 2024, babu wanda bai ji ba, daga Tele Sahel har wayoyin yara. Haka aka yi a zamanin shirin Niamey Nyala da gyare-gyaren taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019, inda tsakiyar gari ta sha kwalta da fitilu da kyamarori. Labarin gefen gari kuwa ba shi da mai ɗauka. Sanarwar hukuma takan fito da Faransanci a shafin Facebook ko a manne a bangon ofis, alhali wanda ta shafa yana da nisan kilomitoci, kuma ba lalle ne ya iya karanta ta ba. Abin da ke isa gare shi shi ne saƙon murya a WhatsApp, wanda ya bi ta baki goma: an ce za a rushe layin kaza, an ce takardun filayen wuri kaza ba su da inganci, an ce ana rabon shinkafa a makaranta kaza. Wani ya sayar da filinsa da araha don tsoro, wata ta wuni a rana tana jiran rabon da babu shi. Masu damfarar filaye ba su da abokin da ya fi wannan duhun.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta muhawara kan wannan a sama, amma wurin da ya fi sauƙin gwada shi shi ne ƙaramar hukuma. Babu abin da zai hana kowace da'ira cikin biyar ɗin Yamai ta riƙa fitar da sanarwarta da Hausa da Zabarmanci, a rubuce da kuma a murya, tunda a wannan birni duk wanda ya bar Zabarmanci ya bar rabin masu saurare. Wannan ba ya buƙatar kuɗin ANFICT, ba ya jiran tallafin waje.

Yanzu nauyin ya koma kan masu unguwanni, kuma ya fi ƙarfinsu. Mai unguwa shi ke tara haraji, shi ke shaidar cinikin fili, shi ke raba gardamar iyaka, shi kuma ake so ya kai kuka sama, alhali unguwar da ta kasance ƙauye a zamanin mahaifinsa yau dubban gidaje ce, yawancinsu baƙi ne da bai san su ba. Kwamitocin masallatai suna taimakawa da sanarwa bayan sallar Juma'a, matasan fada suna fitowa gayya su cike ramuka da tsakuwa kamar yadda Samariya ke yi a zamanin Kountche. Sai dai gayya ba ta gina magudana mai tsawon kilomita biyu, limami kuma ba zai sanar da abin da ba a aiko masa ba. Haka nan tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka na ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli, magadan gari kuma sun daɗe suna ƙorafin cewa kuɗin bai biyo aikin ba. Idan har yanzu haka abin yake, gara a faɗa wa jama'a a fili, su san iyakar abin da za su nema a da'ira da abin da sai a ma'aikatar minista.

Tunda kundin na 2025 ya tanadi wa'adin shekaru biyar da ake iya sauyawa, an kuma rusa jam'iyyun siyasa, babu alamar zaɓen kansiloli nan kusa, don haka wannan tsari na kantomomi shi ne za a zauna da shi. Abin da ke hannun kowane kantoma tun yau shi ne ya tsayar da rana duk bayan wata uku ya zauna da mutanen da'irarsa a cikin unguwa, a harabar makaranta, ya karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita, ya kuma manna taswirar filayen da hukuma ta amince da su a ƙofar kowane mai unguwa. Jerin magudanan da za a yashe da wuraren da za a tsugunar da mutane kuwa ya kamata ya fito tun watan Mayu, kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.