Na'urar da Ba Ta San Habaici Ba, Ina Za Ta Yi Mana Alƙalanci?

'Yan'uwana ɗalibai, manyan kamfanonin sadarwa na Amurka sun daɗe suna yi mana daɗin baki, wai sun ƙera na'urar da ke gano maganganun raba kan jama'a a intanet, ko da wane harshe aka rubuta su. To, bari mu auna wannan da'awa.

Ga yadda ake koyar da ita. A tara dubban rubuce-rubuce, a ɗauki mutane su yi wa kowanne alama, wannan guba ne, wancan lafiya lau, sa'an nan a ɗura wa kwamfuta har ta iya bambancewa. Ashe ke nan ba ta da kunnen kanta, na malaminta take ara. In kuwa Turanci aka fi ciyar da ita, me ta sani game da mu?

Tarihi ya ba da amsa. A 2017 'yan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine da ya rubuta gaisuwar safe da Larabci, saboda na'urar Facebook ta fassara ta da cewa a kai hari. A shekarar ne aka yi wa Rohingya kisan kiyashi a Myanmar, bayan an daɗe ana hura wutar ƙiyayya a wannan dandali, har kamfanin ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba. A nan gida, a Yunin 2018, hotunan ƙarya sun taimaka wajen tunzura jama'a a rikicin Filato. Takardun da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na kasafin tantance labaran ƙarya Amurka aka ware wa, sauran duniya kuwa kashi 13. Mu ne kasuwa, amma ba mu ne abin tsarewa ba!

Ko da an ƙara kuɗi, akwai sauran rina a kaba. Bafillatani ya kira Babarbare bawansa, Bakano ya zolayi Bazazzagi, kowa ya yi dariya, domin wasa ne da ke ƙulla zumunci. Na'ura kuwa sai ta ce ga husuma. Amma gwanin habaici zai tunzura gari guda da karin magana ɗaya, ba zagi, ba ashar, ya wuce ta gabanta salin-alin. Ko a cikin Turancin nasu, binciken Jami'ar Washington na 2019 ya gano cewa irin waɗannan na'urori sun fi ɗora laifi a kan salon maganar baƙaƙen Amurka.

Sai babbar tambaya: wa zai yanke mene ne raba kai? Idan ma'aikaci ya ce shugabanni sun wawashe baitulmali, lalle ya raba kai, ya ware ɓarawo daga wanda aka yi wa sata. Ranar da mai mulki ya sami wannan na'ura, ba mai hura wutar ƙabilanci zai fara nema ba, mai faɗin gaskiya zai nema.

Wani zai ce, to, a watsar da ita. A'a. Rubutun da ake zubawa kullum ya fi ƙarfin idon ɗan Adam, kuma jinin da ƙarya ke zubarwa namu ne. Abin da muke ƙi shi ne a yi mana aski a bayan idonmu. Masu bincike na Masakhane da HausaNLP sun riga sun fara tattara rubutun harsunanmu. Wajibi ne sassan nazarin harsuna da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu su haɗa hannu, a bayyana ma'aunin a fili, kuma duk wanda aka goge wa rubutu ya sami damar ɗaukaka ƙara gaban mutum mai jin harshensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.