RA'AYINMU: Farfesa Ishaya Audu, Bawan da Bai Ajiye Hidima Ba



A ranar 29 ga Agusta, 2005, Ubangiji ya kira bawansa Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu gida. Yau fiye da shekara 20 ke nan, kuma da yawa daga cikin matasan ikilisiyoyinmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Hausawa sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. To, in labarin ma ya ɓace, me ya rage wa na baya?

An haife shi a Anchau cikin ƙasar Zazzau, ɗan Bahaushe mai bi. Ya fara karatu a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, ya wuce Yaba da Ibadan, ya ƙarasa karatun likita a Ingila. Ya yi aiki da gwamnatin Jihar Arewa, har ya zama likitan Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A 1966 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗan ƙasa na farko a kan wannan kujera, ya riƙe ta har 1975. Daga 1979 zuwa 1983 shi ne Ministan Harkokin Waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Duk wannan ya yi shi bai ɓoye bangaskiyarsa ba, kamar yadda Yusufu ya yi a fadar Fir'auna, Daniyel kuma a Babila.

Amma ba muƙamai ne suka sa muke tunawa da shi ba. Bayan juyin mulkin soja na ƙarshen 1983 aka tsare shi tare da sauran manyan gwamnati. Da aka sake shi, bai zauna yana ƙorafi ba, bai kuma tare a Ikko yana jiran wani naɗi ba. Samaru ya koma, ya buɗe asibiti yana duba marasa lafiya, aka kuma keɓe shi fasto. Mutumin da ya zauna da shugabannin ƙasashe ya dawo yana sauraron mace da jaririnta mai zazzaɓi. Gwamnati ta gama da shi, amma Ubangiji bai gama da shi ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yakan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki. Da yawansu suna fita da sauran ƙarfi, da ilimi, da sanin hanyoyin ofis. Muna da su a ikilisiyoyin birni: tsofaffin malaman makaranta, malaman asibiti, akawu, malaman gona. Ranar Lahadi suna zaune a benci na gaba, sauran kwanaki kuma suna sintirin bin fansho. A can ƙauye kuwa, ga ƙaramar ikilisiya babu mai koya wa yara karatu, babu mai riƙe littafin baiko daidai, babu mai rubuta takardar neman shaidar mallakar filin majami'a. Gwauruwa tana da haƙƙin mijinta a ma'aikata, amma ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ga ruwa, ga mai ƙishi, ba wanda ya haɗa su.

Mu duba Littafin Ƙidaya sura 8. An sauke wa Lawiyawa aiki mai nauyi a shekara 50, amma an bar su su ci gaba da taimakon 'yan'uwansu a alfarwa. Kalibu kuwa yana da shekara 85 ya roƙi Joshuwa ƙasar tuddai. Nauyin aiki yakan ragu, kira ba ya ƙarewa.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa ta rubuta sunayen 'yan ritayarta da irin aikin da kowa ya iya, ta haɗa kowane ɗaya da wata ikilisiyar ƙauye, ko da ziyara ɗaya ce a wata. Ikilisiya ta ɗauki kuɗin mota, gama mun san fansho ba ya zuwa a kan kari. Mu fastoci kuma kada mu ji tsoron dattijon da ya fi mu sanin lissafi. Baiwa ce Allah ya aiko mana. Ku iyayenmu 'yan ritaya, kada ku jira sai an roƙe ku.

Allah ya ta'azantar da iyalin Baba Ishaya Audu, ya kuma tā da irinsa a cikinmu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Amin.