Mai Tsara Rawa da Mai Tsara Birni

Idan aka ji ɗalibi ya yi digiri na biyu a fannin rawa, sannan ya nemi aiki a hukumar tsara birane, da yawa za su ce ya ɓata shekarunsa a banza. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa.

Aikin mai tsara rawa shi ne nazarin motsin jikin ɗan Adam a cikin fili. Yakan auna taku, ya san inda mutum zai juya da inda zai tsaya, da tazarar da za ta hana jama'a karo da juna. Irin wannan sani ne mai tsara birni ke bukata kafin ya yanke faɗin hanyar ƙafa ko ƙofar kasuwa.

A Amurka an ga misalin haka. Lawrence Halprin, masanin tsara filaye, ya auri Anna, gwanar rawa, a 1940. Ya gina mata dandalin katako a cikin itatuwa kusa da gidansu a Kalifoniya, inda ya daɗe yana lura da motsin ɗalibanta. A 1965 ya bayyana wata hanyar rubuta motsin mutane a takarda da alamomi, ya kira ta Motation. Lambun ruwa da kamfaninsa ya tsara a birnin Portland, wanda aka buɗe a 1970, an yi shi ne domin jama'a su hau matakalansa, su shiga ruwan. A 1976 kuma aka buɗe lambun da suka ɗora bisa babbar hanyar motar da ta ratsa birnin Seattle, masu tafiya a ƙasa suka sami hanyar tsallakewa.

Gaskiya ne rawa kaɗai ba ta gina gada. Dole sai da lissafi da safiyo da aikin injiniya. Amma taswirar da aka zana domin mota kawai takan manta da tsoho mai sanda da yaro ɗan makaranta.

Saboda haka ya kamata malamai su daina ɗaukar ajin fasaha a matsayin matattarar waɗanda suka kasa kimiyya. Ɗalibi mai baiwar lura da motsin jama'a a ƙarfafa masa gwiwa ya riƙe lissafi da labarin ƙasa, domin birane suna bukatar irinsa.