Kuɗin Tara Ma Kuɗi Ne



A zangon da ya wuce, lokacin da ake rajistar jarabawar fita, na ga wata yayarmu 'yar SS 3 tsaye a bayan aji tana share hawaye da gefen hijabinta. Kuɗinta bai cika ba, kuma ranar ce ta ƙarshe. Ƙawayenta bakwai suka zagaye ta, kowacce da waya a jaka, amma da aka ce a haɗa abin da ya sauƙaƙa, abin da ya fito daga hannunsu bai kai naira dubu biyu ba. A ƙarshe wani malami ne ya cika mata daga aljihunsa, Allah ya saka masa da alheri. Ina cikin masu kallo, kuma ni ma ko sisi ba ni da ita, alhali kullum sai an ba ni kuɗin tara.

Tun ranar nake lissafi. Idan ka cire naira 100 kullum daga kuɗin tara, a kwana biyar na makaranta ka tara 500. A zango mai mako goma sha biyu 6,000 ke nan, a shekara 18,000. Wannan ba zai biya WAEC ba, na sani, amma zai sayi fom ɗin JAMB har a yi ragowa, kuma zai iya zama cikon da yayar nan tamu ta rasa. To ina yake tafiya? Data, awara, alawa, sai kuma anko na bikin da ba a ma gayyace mu ba. Ga wasu 'yan'uwanmu maza kuma, ku yi haƙuri in faɗa, cacar ƙwallo ce take lashe shi.

Na san akwai waɗanda za su ce, "Ke da ake ba ki ke nan." Gaskiya ne. A cikinmu akwai mai takowa a ƙafa daga Hayin Dogo ko Bomo ba tare da ko naira ɗaya ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin mota ya ninka. Ba da shi nake ba, kuma kada kowa ya ɗora masa laifi. Maganata da mu ce, masu cewa abin da ake ba mu ya yi kaɗan a ajiye, sai mun girma mun samu albashi.

Wanda bai iya riƙe ɗari ba, ban ga ranar da zai iya riƙe dubu ɗari ba. Ku shiga kasuwar Sabon Gari ku dubi yaran shago a layin masu kayan gyaran mota ko masu atamfa. Yaro zai yi shekaru yana buɗe shago, yana sharewa, yana rubuta abin da aka sayar, kafin maigidansa ya sallame shi da jari. Ba a sallamar wanda lissafinsa ba ya cika. Malamin tarihinmu ya taɓa ba mu labarin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Da ƙananan fatauci ya fara, ya bi hanyar goro har Gwanja, amma da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya. Mu raƙuman muke ji, shekarun da suka gabace su ba ma so a ba mu labarinsu.

Sai dai akwai abin da asusun gwangwani ba zai faɗa maka ba: kuɗin da ke kwance yana ramewa. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, abin da ka saya 1,000 a Disamba 2023, a Disamba 2024 sai da ka ba da kusan 1,350. Kuma ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin da aka sauya takardun 200 da 500 da 1,000, yadda iyayenmu suka riƙa fasa asusu suna wuni a layin banki. Shi ya sa mahaifiyata ba ta barin kuɗi ya kwana biyu a ɗaki. Da zarar ta kwashi adashi sai ta mayar da shi akuya ko buhun masara.

Na kwaikwaye ta. Da tarin zango ɗaya na sayi 'yan kaji guda huɗu. Ɗaya shaho ya ɗauke, ɗaya kuma ta mutu don ban yi musu rigakafi ba, kuma abin kunya ne a ce mutum yana zaune a Samaru, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika inda aka samar da kajin Shika Brown, amma bai tambayi kowa ba. Biyun da suka rage suna nan, ɗaya ta fara ƙwai. Ban yi arziki ba, amma yanzu na san kuɗin dusa, na san ranar da na ci riba da ranar da na faɗi, saboda komai ina rubutawa a bayan littafin lissafina.

Abin da ba zan taɓa gwadawa ba shi ne irin saƙon da ke yawo a WhatsApp, wai ka zuba dubu biyar ka kwashi goma a mako biyu. Yayyenmu sun zuba a MMM, ta kulle asusun mutane a Disamba 2016. A Afrilu 2025 kuma CBEX ta tafi da na wasu. Duk wanda ya kasa gaya maka abin da yake saya da abin da yake sayarwa, kuɗin wanda ya shigo bayanka yake ba ka.

Ga roƙona ga hukumar makaranta. A ba kowane aji damar buɗe ajiya a hannun malamin aji ko malamar aji, da sanin iyaye, da littafi guda da kowa zai sa hannu duk ranar Juma'a. Ba tilas, ba kuma ƙayyade adadi, ko naira 50 ce a karɓa. Sharaɗi ɗaya kawai: ba a cirewa sai don rajistar jarabawa, ko littafi, ko rashin lafiya. Na san malamai za su ce riƙe kuɗin yara rigima ce, kuma suna da gaskiya, shi ya sa nake ganin a sa ɗalibai biyu su riƙa duba littafin tare da malami a ƙarshen kowane wata.

Mu 'yan SS 2 saura mana zango uku kafin tamu rajistar. Mu tara a ajinmu mun riga mun rubuta sunayenmu. Takardar tana hannun monita, ga duk mai son ƙara nasa kafin Juma'a.

Daga wata 'yar SS 2, Ƙungiyar 'Yan Jarida